Golf a Hanyar Kutemeshi: Gyaran da Ke Raya Mota da Wanda Ke Cin Ta

Motar da ta fi kowacce ɗaukar nauyin zirga-zirga a gabashin ƙasar Birnin Gwari, daga Kutemeshi da Kuyello da Tabanni har zuwa Dogon Dawa, ita ce Golf ta kamfanin Volkswagen, musamman zubi na uku da aka ƙera a Jamus tsakanin 1991 da 1997, da kuma mai dogon baya wadda ta biyo ta a 1993. Ita ke kwasar masara da waken suya zuwa kasuwannin hatsi irin su Dandume da Funtuwa, ita ke kai mara lafiya asibiti, kuma a shekarun da hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa ta zama tarkon masu garkuwa da mutane, direbobi sun riƙe ta saboda tana da saurin tashi, tana kuma juyawa a ƙaramin fili idan aka hango an tare hanya. Wannan zafin nama gado ne, domin daga zuriyarta aka fitar da GTI a 1976, ƙaramar mota mai ƙarfin doki 110 wadda ta kawo gudun motocin tsere cikin motar talaka, kuma zubi na uku ma yana da nasa GTI ɗin da kuma VR6 mai ƙarfin doki 174, ko da yake waɗanda suka cika tashoshin Arewa galibi masu inji lita 1.8 ne.

A Jamus irin wannan mota ta soma shiga sahun kayan tarihi. Tun 1997 dokar ƙasar ta tanadi lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe ga motar da ta cika shekara 30, bisa sharaɗin cewa tana nan kusan yadda ta fito daga masana'anta, kuma duk canjin da aka yi mata irin wanda ake yi a zamaninta ne. Mai ita yakan biya harajin da bai kai Yuro 200 ba a shekara, kuma Golf ta uku ta fara cancantar wannan lamba daga 2021. Wato motar da wani Bajamushe yake goge wa ƙura ya fito da ita ranar Lahadi kawai, ƙanwarta ce take hawa gangaren rafi a Kutemeshi da buhuna a but, da mutum biyu a kujerar gaba ban da direba. Haka ma lamba 911 take: a wurin Bature sunan motar tsere ce ta Porsche da aka nuna wa duniya a 1963, a Nijeriya kuwa sunan babbar motar Marsandi ce mai gajeren hanci da ke ɗaukar itace da shanu, alhali kamfanonin biyu duk a birnin Stuttgart suke.

Tsare mota a kamanninta na asali ba abin da za a nema ba ne daga mai haya a bakin dajin Kamuku, kuma wanda ya zargi bakaniken karkara da ɓata ƙirar Bature bai san hanyar ba. Motar da aka auna tsayinta don titin kwalta ba za ta kai damina ɗaya a kan jar ƙasa mai kwazazzabai ba sai an ɗaga ta, saboda haka sauya sifirin na baya da mai kauri, da sanya ƙarfe a ƙarƙashin inji don kare tukunyar baƙin mai daga dutse, da ƙarfafa wuraren da jikin mota ke tsagewa, duk fasaha ce ta gaske wadda masu walda na Panteka a Kaduna da yaran da suka yaye suka ƙware a kai. Irin wannan gyara ƙari ne, kuma mai yin sa ya san abin da yake magancewa. Abin da ya zama yayi a 'yan shekarun nan, wanda kuma ya cancanci suka, shi ne gyara na ragi, wato cire duk wani abu da bakanike bai fahimci aikinsa ba, sannan a kira hakan mayar da mota 'yar ƙasa.

Misalin da ya fi yaɗuwa shi ne na tamostat, wani ɗan murfi da bai fi tafin hannun yaro ba, wanda ke zaune a kan hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafin digiri 85 ko sama da haka kaɗan, sannan ya buɗe ya bar shi ya zagaya ya huce. Kusan duk Golf ɗin da ta shigo daga Kwatano, ranar farko a gareji ake zare mata shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makunni don ta riƙa juyawa ba tsayawa, kuma hujjar ba ta canzawa: "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan zafi gare mu." Maganar tana da daɗin ji, amma inji ba ya aiki da zafin gari, da nasa zafin yake aiki, kuma an auna gibin da ke tsakanin fistin da bangon silinda ne bisa yadda ƙarfe zai buɗe idan ya kai wancan zafin. Injin da ya fita da asuba a cikin hunturu ba tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba, na'urar da ke auna zafi ta ci gaba da shaida wa ƙwaƙwalwar mota cewa a ƙara fetur, rarar fetur ɗin ta wanke baƙin man da ke jikin silinda ta gangara cikin tukunya, sai ga mota tana shan mai tana hayaƙi, mai ita yana ɗora laifi a kan gidan mai. Zafin da ake gudu kuwa yawanci daga lagireton da ya toshe yake zuwa, saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa maimakon ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa.

Daga nan sai a wuce zuwa mataki na biyu. Idan motar ta fara shan mai, ko ta riƙa mutuwa a tsaye, sai a yanke hukuncin cewa injecta ce ta lalace, a cire ta a ɗora kafireto. Injecta ita ce tsarin da ke fesa fetur gwargwadon lissafin ƙwaƙwalwar mota, kafireto kuwa tsohuwar dabara ce da iska ke zuƙo mai da kanta, kuma da yake yawancin masu lita 1.8 bakin feshi ɗaya gare su a saman inji, daidai inda kafireto ke zama, musanyar ba ta da wuya. Dole a yi wa masu wannan aiki adalci, domin direban da motarsa ta mutu tsakanin Kutemeshi da Kuyello da la'asar sakaliya ba ya bukatar lacca, abin da zai kwance da sukurdireba ya hura ya mayar yake bukata, kuma na'urar gano cutar mota sai birni. Sai dai tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya sauya, saboda abin da kafireto ke ƙarawa a shan mai kullum daga cikin balas yake fita, wato kuɗin da direba ke kai wa mai mota, alhali abin da ya lalace tun farko sau da yawa na'urar auna zafi ce ko wata waya da ta ci tsatsa. Ita ma matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda 'yan gareji ke kira indomi, ba don lafiyar mota ake fasa ta ba, don ƙarafa masu tsada da ke cikinta ne, kuma ba kullum ne mai mota ke sanin an sayar ba.

Wurin da ragi da ƙari suka haɗu suka zama haɗari shi ne birki. Da yawa daga cikin waɗannan motoci suna da wata 'yar na'ura a gindin ƙafafun baya, haɗe da gatarin baya ta wani siririn sifirin, wadda ke gane nauyin kaya daga yadda bayan mota ya zauna, ta ƙara ƙarfin birkin baya idan an yi lodi, ta rage idan mota ba kowa. Da zarar an ɗaga bayan mota da sifirin mai tauri ba a sake saita na'urar ba, motar da ke ɗauke da buhu shida za ta riƙa gaya wa birkinta cewa fanko ce, yawancin aikin tsayawa ya koma kan ƙafafun gaba, waɗanda su ma tayoyinsu tsofaffin Turai ne. Ba kasafai ake jin bakanike ya ambaci wannan na'ura ba, kuma a motoci da dama tsatsa ta riga ta daskarar da ita, ko kuma an toshe bututun birkin ƙafa ɗaya da ƙusa saboda yoyo.

Laifin bai tsaya kan bakanike shi kaɗai ba. Koyon sana'a a gareji ta gani da ido ne, yaro yana miƙa sifana yana kallon hannun ogansa, kuma ogan da kansa a kan Fijo 504 da kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975 ya koya, motar da ba ta da ƙwaƙwalwa ko ɗaya, don haka abin da ya gada shi yake mayar da kowace mota gare shi. Mai mota shi ma yakan fi son gyaran da zai fitar da ita yau ta kama lodin kasuwa. Amma Golf ta uku ba a ƙara ƙera ta, hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa da aka yi a farkon 2017 da faɗuwar darajar Naira sun sa maye gurbinta ya yi tsada, kuma injunan da ake saya a Panteka ko Ƙofar Ruwa ta Kano su ma daga jikin motocin da suka haura shekara 25 ake ciro su. Tun bayan sulhun da aka yi da masu garkuwa da mutane a ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, hanyoyin sun fara cika da lodi, kuma motocin da za su ɗauke shi su ne dai waɗannan da ke ƙasa, kowacce da fankarta tana juyawa tun kafin inji ya ɗumama.