Jinjina ga 'Yan Kokowar Arewa

Da an yanke gero a Kiyeshe, damma sun shiga rumbu, sai ganga ta kira samari fili. Nan ake tsinto gwanayen da za su kara a Dogondutsi, mai rabo ya shiga tawagar Dosso. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, burin ke nan.

Dubi ɗan kokowa ya duƙa, ya murza ƙasa a tafi, layu cike da damtse, yana laluben ƙafar abokin karo. Kafin ka ƙifta ido, wani ya sha ƙasa! Filin kokowar Dosso sunan gwani Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi, Isaka Isaka kuwa ya sha kai takobi gida. Sannunku, mazaje, har da ku da targaɗe ya mayar gona.