Majalisar Tsofaffin Abokai: Inda Waƙar Baka ke Samun Alƙalanta

Bayan sallar isha'i, idan aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ko aka jera benci kusa da mai shayi, hirar dattawan da suka tashi tare takan fara da tsadar taki da rigimar siyasa. Amma da wuya a watse ba ta gangaro kan waƙa ba. Wani zai laluba aljihu ya ciro waya, kalangu ya tashi, sai ka ga mai gyangyaɗi ya gyara zama. Mutane na ɗaukar wannan hira a matsayin abin rage dare. Ni kuwa ina ganin ita ce makarantar farko ta nazarin waƙar baka a ƙasar Hausa, kuma ta isa a dube ta da kyau, da amfaninta da aibinta.

Ginshiƙin zaman shi ne musu, kuma musun da ba ya tsufa shi ne na Mamman Shata da makaɗan fada. Mai jin su daga nesa zai zaci son rai ne kawai, alhali hanyoyi biyu na ƙirar waƙa ake aunawa. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, da Musa Ɗanƙwairo Maradun da Sa'idu Faru, duk 'yan kotso ne. Sukan zauna da 'yan amshinsu su shirya waƙa kafin a kai ta fada, jagora ya ɗauko ɗan waƙa, yara su karɓe su ƙarasa masa. Shi ya sa masoyinsu ke kafa hujja da tsari, da nauyin kalma, da yadda ba a samun tubali ɗaya da ya goce. Shata kuwa a tsaye yake ƙera tasa. 'Yan amshi na riƙe masa gindin waƙa, shi yana zuba ɗiya gwargwadon wanda ya gani a wurin da abin da ya faɗo masa a rai. Masoyinsa zai ce: "Alhaji, wanda ya kwana yana shiri daban, wanda aka tare a fili ya amsa daban." Ɗayan ya ce: "Malam, ai saƙa ba a yi mata gaggawa." Ba su taɓa buɗe littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ba, amma abin da suke jayayya a kai shi ne abin da ɗaliban jami'a ke rubuta kundi a kansa.

Daga wannan hali na Shata ne wani reshen musun ke tsirowa. Tun da bai cika maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya ba, waƙarsa Bakandamiya kanta ba ɗaya ba ce. Sai ka ji ana gardama kan wace aka ɗauka a gidan rediyo, wace aka yi a wajen biki, wace ta fi tsawo, a wace muryarsa ta fi kaifi. Wannan tantance nau'i ne na gaske, irin wanda masu binciken tsofaffin rubuce-rubuce ke yi, sai dai nan kunne ne ma'auni.

Babban abin da majalisa ke adanawa, wanda kaset bai iya ɗauka ba, shi ne sababin waƙa. Makaɗin fada ba ya kama sunan wanda yake yi wa zambo. Zai siffanta ɗan sarkin da ke ja da ubangidansa da wata dabba ko wata tafiya ko wani irin naɗin rawani, mutanen garin su gane, baƙo ya wuce bai san an yi ba. Haka ma harshen. Gobirancin Narambaɗa na da kalmomin da Bakano ko Bazazzage zai ji shekara da shekaru bai san ma'anarsu ba, sai ranar da abokinsa da ya yi aiki a Shinkafi ko Ƙauran Namoda ya warware masa. Wanda ya san dambe shi zai bayyana wa sauran ko wane ne Shago da Ɗan Anace ya ɗaukaka, da abin da ake nufi da kisa a fagen dambe. Tsohon direba shi ke da bakin magana idan aka sa waƙar karen mota ta Ɗanmaraya Jos, don ya san wahalar da kuntigin mawaƙin ke ba da labarinta. Kowa na kawo guntun abin da ya sani, a haɗa a ɗinke.

Sai dai duk wanda ya daɗe a irin wannan zama ya san ba mawaƙin kaɗai ake yabo ba. Kowace waƙa tana ɗaure da wani lokaci na rayuwar mai sauraro. Wani zai tuna katin da ya aika wa shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, ya yi makonni yana kasa kunne har aka karanto sunansa. Wani zai tuna yadda suke shanya batir a rana, suna juya kaset da biro don kada ƙarfin rikoda ya ƙare. Wani kukumar Garba Sufa ce ke mayar da shi daren bikinsa, wani gurmin Haruna Uji ne ke tuna masa yarinyar da ya nema bai samu ba. Waɗanda suka yi samartaka a Kano za su sako muryar Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da suka ji a siliman Plaza ko Orion, suna bin waƙar ba tare da jin Indiyanci ba. A Maraɗi da Damagaram ma haka zancen yake, sai dai a ƙara da Ɗan Gurmu da Ma'azu Ɗan Alalo. Don haka idan ka kushe mawaƙin mutum ka ga ransa ya ɓaci, ƙuruciyarsa ka taɓa.

Mata ma suna da tasu majalisar, ko da ba a ƙofar gida take ba. Idan ƙawayen da aure ya raba suka haɗu a gidan biki ko suna, aka kifa ƙwarya a ruwa, Barmani Choge ce alƙiblar hirar. Suna tuna wa aka yi wa habaici da wace waƙa a zaman kishi, da yadda kiranta ga mata su kama sana'a ya shiga kunnensu. Wannan ɓangare shi ne aka fi yi wa sakaci, don masu rubutu sun fi zama a tabarmar maza.

Aibin majalisa kuwa a fili yake. Na farko, ƙarin gishiri. Labarin mawaƙi yakan yi ta kumbura daga baki zuwa baki har ya koma tatsuniya: wane ya yi wa wane baki ya lalace, wane aljanu ke ba shi waƙa. Wanda ya fi ƙarfin murya shi ke cin musu, ba wanda ya fi sani ba. Na biyu, son gida: Bakatsine ba ya son a ɗora kowa kan Shata, Bazamfare ba ya yarda a wuce Ɗanƙwairo. Na uku, kuma shi ya fi yi mini ciwo, raina abin da yara ke ji. Da an ambaci Aminu Ala ko Nura M. Inuwa sai a ce kiɗan fiyano ne, a kau da kai ba a saurara ba. Dattawan sun manta cewa su ma iyayensu sun yi musu faɗa kan zuwa wajen kalangu da goge. Wannan rainin ke korar matasa daga gefen tabarma, alhali su ne kaɗai za su gaji abin da ake faɗa a kanta.

Yanzu samun waƙa ya yi sauƙi. Abin da a da sai ka je wajen masu kaset a Ƙofar Wambai, yau mai tura waƙoƙi zai cika maka waya da shi cikin 'yan mintuna, abokai kuma na aika wa juna ta WhatsApp daga Legas zuwa Agadas. Amma waƙar na isowa ita kaɗai, wani lokaci ma da sunan wani mawaƙin daban a kanta, babu mai cewa ga wanda aka yi wa, ga dalili. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Muryoyinsu sun tsira. Waɗanda suka tsaya a gabansu suka ga yadda aka yi su ne ke tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa nake roƙon duk mai uba ko kawu a irin wannan majalisa ya riƙa matsowa kusa. Wayar da ake sa waƙar da ita tana iya ɗaukar bayanin da ke biyo baya. A tace gishirin daga baya, amma a fara kamawa tukuna. Na sha ganin daren da aka sa waƙar da wani abokin zama yake so bayan an kai shi makwanci. Ranar babu musu. Ana jin ta har ƙarshe, a yi masa addu'a, sannan wani ya yi tambaya kan wata kalma a cikinta, a dubi gurbin da yake zama, don shi kaɗai ya san amsar.