Mafarkin Bahaushe a Ma'aunin Baƙo: Sharhi kan Binciken LeVine

A shekarar 1966 Robert LeVine, masanin halayyar ɗan Adam daga Amurka, ya wallafa littafinsa Dreams and Deeds. Ya tattara mafarkan samari 'yan sakandare, Hausawa da Yarabawa da Ibo, ya auna yawan burin ɗaukaka da ke cikinsu bisa ra'in David McClelland. Ibo suka zo kan gaba, Hausawa suka zo ƙarshe. LeVine ya danganta haka da tsarin barantaka a ƙarƙashin sarakuna, inda bara ke ɗaukaka ta hanyar biyayya ga ubangidansa.

Ba a raina ƙwazonsa ba, amma ma'aunin ne ke da tawaya. Abin da aka ƙirga shi ne burin da yaro ya yarda ya rubuta wa baƙo, alhali mafarki a ƙasar Hausa ba abin shela ba ne. Mai kyau ana faɗa wa amini ko malamin da zai fassara, mummuna kuwa addini ya hore mu da mu kame baki. Yaron da aka yi wa tarbiyya da kunya, wanda ya ga uwarsa ba ta ko ambaton sunan ɗanta na fari, yaya za a yi ya zauna a aji ya zayyana cewa ya ga kansa ya fi kowa?

Je ka Watari a ƙasar Bagwai lokacin noman rani. Manomin da ya kwana yana ban-ruwa a bakin madatsa, in ka tambaye shi buhu nawa ya samu, iyakar amsarsa an gode Allah. Tsoron baki da gudun alfahari sun hana shi lissafi a fili. Da takardar LeVine za a miƙa masa, a sahun marasa buri zai faɗa.

Tarihi ma bai goyi bayan sakamakon ba. Fataken goro sun yi ƙarnoni suna takawa zuwa Gwanja, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawa auduga suka so, manoma suka duba farashi suka rungumi gyaɗa tun daga 1912. Cikin wannan ciniki ne Alhassan Ɗantata ya ƙasaita. Su kuwa 'yan sakandaren wancan zamani a Arewa tsiraru ne ƙwarai, kuma babu mace ko ɗaya cikin waɗanda aka tambaya.