Tsokaci a Kan Da'awar Sababbin Dabarun Kare Muhalli: Darasi Daga Fadamar Ambursa

Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a rubuce-rubucen masana tattalin arziki, wai sababbin dabaru irin su wutar hasken rana da motar lantarki sun rage ɓarnar da ƙasashe masu masana'antu suke yi wa muhalli. Manufarmu a nan ita ce mu auna wannan ra'ayi da mudunmu na gida.

Raunin Ma'auni

Ba mu ƙaryata hujjarsu ba. Birtaniya ta rage gurɓatacciyar iskar da take fitarwa da kusan rabi tsakanin 1990 da 2022, ta kuma rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal a 2024. Inda muke ja shi ne, wannan lissafi ya tsaya ga hayaƙin da ya tashi a cikin iyakar ƙasa. Alhali fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan hasken rana a Sin ake ƙera su, yawanci da wutar kwal. Haka kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga 2015 zuwa 2018, da yawansu zuwa Afirka. Wanda ya share ɗakinsa ya zuba sharar a zauren maƙwabci bai tsabtace unguwa ba.

Misalin Ambursa

Rauni na biyu kuwa, Jevons ya gano shi tun 1865: idan na'ura ta rage tsadar amfani da abu, sai a ƙara cinsa. Bayan janye tallafin fetur a 2023, manoman shinkafar rani da dama a kwarin Rima sun koma ga famfo mai aiki da rana. Wannan alheri ne ga aljihun manomi. To, amma a da tsadar mai ce take sa ya kashe inji da wuri; yanzu babu wannan linzami. Ga shi kuwa ruwan ƙarƙashin fadama malalen damina ne yake ciyar da shi, malalen da madatsun Bakolori da Goronyo suka riga suka sauya wa tsari.

Kammalawa

Saboda haka muna ganin ya wajaba a ɗora wa kowace ƙasa nauyin abin da ta ci, ko a ina aka sarrafa shi. Mu kuma a gida, kafin a yawaita famfuna daga Ambursa zuwa Argungu, ya kamata jami'o'inmu su riƙa auna zurfin ruwan rijiyoyin fadama kowane rani.