Hayar Doki a Ƙasar Hausa: Tsakanin Mai Turke, Mahayi da Dabba

Dawaki da yawa daga cikin waɗanda ke cika titunan Kano, Katsina, Zariya da Haɗeja a ranakun hawan sallah ba mallakar mahayansu ba ne. Wasu na aro ne, wasu na haya. Akwai hakimin da zai fito da tawaga mai ƙayatarwa alhali dawakin bargarsa ba su kai rabinta ba, akwai kuma saurayin da ya shafe watanni yana tara kuɗi don ya hau na yini ɗaya. Masu kukan lalacewar al'ada sukan ɗauki wannan abin kunya, su ce zanen aro ba ya rufe katara. Sai dai hawan dokin wani ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abin da ya sauya shi ne tsawon zaman da ke tsakanin mahayi da dokinsa, kuma a nan ne amfanin haya da illarta suke.

Tun asali doki kayan mulki ne. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kananeji, ya kuma lissafa dawakin zage da kakaki da figini cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya ƙago. Sarautu irin su Madawaki, Sarkin Dawaki da Shamaki duk a kan doki aka gina su. A wancan tsari, barde ko bawan sarki ba lallai ne ya sayi dokin da yake hawa ba. Ubangidansa ne ke ba shi, tare da sirdi da kayan yaƙi, shi kuwa ya biya da biyayya da fita daga duk ranar da aka buga tambari. Dokin na sarki ne ko na hakimi, amma a ƙofar gidan baran yake ɗaure. Shi ke yanko masa ciyawa, shi ya san ranar da ya ƙi cin abinci, shi ya san abin da ke firgita shi. Mallaka tana hannu ɗaya, kiwo da hawa suna ɗaya hannun, kuma a haka ake shekaru.

Zuwan Turawa ya raba doki da aikinsa na farko. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 yaƙin dawaki ya ƙare, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya mota ta karɓe tafiye-tafiyen hakimai. Abin da ya rage wa doki shi ne ado da wasa: hawan sallah, hawan daba irin wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 da na bikin FESTAC a 1977, sai sukuwa, sai kuma holo, wato ƙwallon dawaki, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka ɗaukaka. Dabbar da ake bukata kwanaki kaɗan a shekara, amma take ci kullum, dole a samo mai ɗaukar nauyinta. Doki ba ya jiran sallah kafin ya nemi dawa, dusa, harawa da kanwa, ga yaron barga, ga magani. Harawa kuwa tana tsada daidai lokacin da rani ya yi nisa. Haya ta samo asali ne daga wannan lissafi: mai doki yana neman wanda zai rage masa kuɗin kiwo, mai sha'awar hawa yana neman doki ba tare da turke a gidansa ba.

Hanyoyin da doki ke zuwa hannun wanda ba mai shi ba sun kasu uku, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Ta farko aro ce, wadda zumunci ko girmamawa ke ɗauke da ita. Attajiri ya aika wa hakimin garinsu dawaki don su ƙara wa tawaga kwarjini, ko aboki ya ba aboki ranar angwanci. Babu kuɗi a tsakani, sai ɗan abin da za a miƙa wa yaron doki. Ta biyu ita ce ba da doki kiwo: mai shi ya danƙa wa wani matashi mai son dawaki, ya ciyar da shi, ya yi kilisa da shi, idan sallah ta zo ko bukata ta taso a kawo wa mai shi. Wannan ita ce ta fi kama da tsarin da, domin mahayin da mai kiwon mutum ɗaya ne. Ta uku ita ce hayar yini ko ta 'yan sa'o'i, wadda ta fi yawa yanzu: hawan angwanci, saukar karatu, naɗin sarauta, ɗaukar fim, har da mai son a ɗauke shi hoto kawai a kan sirdi. Ana iya karɓar doki tsirara, ana iya karɓarsa da cikakken kaya, sirdi da jalala da ɗan kai da ɗan ƙirji. Farashi yana bin kama da girma da lokaci. Ingarma akawal ko kili mai kyan tsayuwa ba ɗaya yake da kuru ba, kuma kuɗin ranar Hawan Daushe ba ya kusa da na sauran ranaku. Idan sallah ta matso akan bi ta hannun dillalai, a ba da kafin alƙalami, a kawo dawaki daga ƙauyuka da garuruwan maƙwabta.

Alherin wannan sana'a a fili yake. Ta buɗe ƙofar da a da sarauta da dukiya suka tsare. Ɗan tela ko ɗan mai shago yana iya naɗa rawani ya bi ayarin hakimin unguwarsu. Ta kuma riƙe sana'o'in da ke rataye da doki: baduku masu ɗinkin sirdi da ragama, maƙera masu linzami da likkafa, masu saƙar kayan ado, masu sayar da harawa, da fataken da ke kawo dawaki daga Nijar da Chadi zuwa kasuwannin kan iyaka irin ta Maigatari. Lokacin da hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tinƙaho da su a watan Disamba na 2024, dubban mahayan da suka sa hawan ya cancanci haka ba duka ne masu barga ba. An ga girman dogaron masu haya da hawan sallah a shekarar 2020 da annobar korona ta hana hawa, da kuma sallolin da rikicin masarautar Kano ya sa aka dakatar da shi. Mai dawakin haya da ya ciyar da su wata da watanni yana jiran kwana huɗu ko biyar, shi ne na farko da asarar ke faɗa wa.

Illar kuwa tana fitowa ne daga abin da hayar yini ta yanke, wato sabo. Dawakin hawa a ƙasar Hausa maza ne, ba a cika hawa goɗiya ba, kuma namijin doki idan ya shiga cikin ɗaruruwan 'yan'uwansa, ga ƙarar bindigogi, ga kalangu da algaita, sai wanda ya san halinsa ke iya riƙe shi. Linzamin gargajiya yana da zoben ƙarfe da ke kama haɓar doki ta ƙasa. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa, shi ya sa ake iya sakin doki a guje wajen jafi a kuma tsayar da shi cak a gaban sarki. A hannun ɗan koyo wannan ƙarfen yanka yake yi, doki ya koma gida baki na jini. Haka likkafa mai faɗi da kaifin gefe, wadda ake zungurar ciki da ita. Ƙara da sukuwa a kan kwalta da kofaton da galibi ba a sa masa ƙarfe ba, da sirdin da ba a gwada shi da bayan dokin ba har ya buɗe masa miki, da shayar da shi ruwa mai yawa yana cikin haki. Wanda ya biya kuɗin yini yakan ji cewa sai ya ci kuɗinsa kafin magariba. Mai dokin ma ba a wanke shi ba, domin akwai mai karɓar kuɗin mutum biyu ko uku a kan doki ɗaya a rana ɗaya, wannan ya sauka wancan ya hau.

Jama'ar gari ma suna da nasu kason na wahalar. Kilisar matasa a tituna masu cunkoso ta sha jawo a banke mai tafiya a ƙasa ko a fasa gilashin mota, wani lokaci kuma 'yan daba su fake da ita. Wannan ya sa hukumomin tsaro a Kano suka sha sanya mata takunkumi. Hani irin wannan yakan faɗa kan kowa, gwani da ɗan koyo, saboda babu wata hanya da aka tanada ta bambance su.

Abin mamaki shi ne yawancin rigingimun da ke tashi tsakanin mai doki da mai haya an riga an warware su a littattafan da ake karantawa a zaurukan garuruwan nan. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da Mukhtasar na Khalil sun yi bayanin hayar dabbar hawa dalla-dalla. A mazhabar Malikiyya dole a san kuɗin haya, a san wa'adi ko nisan tafiya. Mai haya amintacce ne: idan dabba ta mutu a hannunsa ba tare da sakaci ba, babu ramuwa a kansa, kuma ana karɓar maganarsa sai in ƙaryarsa ta bayyana. Amma idan ya wuce wurin da aka yi da shi, ko ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ya zama mai ta'adi, biya ya hau kansa. Idan wata dabba takamaimai aka yi haya ta mutu a tsakiyar hanya, hayar ta warware a abin da ya rage. An halatta a sanya ciyar da dabbar cikin sharaɗin haya, wanda ya yi kama da ba da doki kiwo. Mai aron dabba ma ba ya biya sai ya ƙetare iyaka. Game da wanda aka banke a hanya kuwa, mahayi da mai ja da mai kora su ne ke ɗaukar alhakin abin da dabba ta taka.

Duk waɗannan hukunce-hukunce sun rataya ne a kan abu guda: a san iyakar da aka yi. A nan ne al'adar yau ta gaza. Ciniki yakan ƙare da "Alhaji, a ba ni kilin nan zuwa la'asar," da amsar "To, Allah ya tsare." Ba a faɗi ko za a yi sukuwa ba, ba a faɗi unguwannin da za a bi ba, ba a faɗi ko an yarda wani ya karɓi linzami ba. Kunya da ganin ido suna hana tambaya. Idan doki ya dawo yana ɗingishi, mai haya ya ce ƙaddara ce, mai doki ya ce ganganci ne, kuma babu mai shaidar da zai nuna inda aka wuce gona da iri. Mai doki shi ma yakan ɓoye aibu, ba zai ce dokinsa yana cizo ko harbi ko yana da taurin baki ba, don kada ciniki ya lalace.

Masu barga da suka san ciwon dabbobinsu sun daɗe da samo maganin wani ɓangare na matsalar: ba sa sakin doki sai da yaronsa. Yaron yana riƙe da ragama ko yana biye a ƙasa kamar zagi, shi ke ɗaura majayi, shi ke cewa a tsaya a huta. Ta haka sanin halin doki yana tafiya tare da shi ko da mahayin baƙo ne. Waɗansu kuma ba sa ba wanda ba su taɓa ganin zamansa a kan sirdi ba. Waɗannan dabaru biyu sun fi hani na gaba ɗaya amfani, kuma ƙungiyoyin mahaya da masarautu, waɗanda har yanzu suke da Shamaki da Sarkin Dawaki, suna da ikon mayar da su ƙa'ida: a gwada mahayi kafin a ba shi doki ranar hawa, a ƙayyade wa doki mahayi ɗaya a yini, a faɗi sharuɗɗa a gaban shaidu biyu.

Kiran a daina haya ba zai yi tasiri ba, domin tsadar kiwo ba za ta bar kowane mahayi ya mallaki doki ba, kuma hawan da ya koma na masu barga kaɗai zai ƙanƙance. Abin da ya fi dacewa a ƙarfafa shi ne haya mai dogon wa'adi, ta wata uku ko ta shekara, inda matashi zai ɗauki rabin nauyin ciyarwa, ya riƙa zuwa barga yana share turke yana wanke doki, kafin ranar da zai naɗa rawani. Mai doki ya sami sauƙin kiwo a watannin da babu biki, matashi ya koyi riƙon linzami a fili ba a tsakiyar taro ba, dokin kuma ya fita hawa ƙarƙashin wanda zai kwana da tunanin ƙafarsa idan ta kumbura.