Ɗaukar Hoto Don Sha'awa a Amurka: Hanya, Kiɗa da Gine-ginen Yau da Kullum

Ɗaukar hoto don sha'awa al'ada ce da ta kafu a Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19. Masu yin ta malaman makaranta ne, da ma'aikatan ofis, da ɗalibai, da 'yan fansho. Babu jaridar da ta aike su, babu kuma mai biyansu ko sisi. Abubuwa uku ne suka fi ɗaukar hankalin da yawansu: abin da ido ya ci karo da shi a doguwar tafiyar mota, da makaɗa da mawaƙa suna tsakar wasa, da gine-ginen da ake wucewa kullum ba a ko ɗaga kai a dube su, irin su gidan mai, shagon aski da masaukin bakin hanya. Dukkansu ba sa daɗewa. Matafiyi ya wuce, kiɗa ya tashi, shago kuma wata rana a rushe shi, ba wanda zai tuna yadda yake sai wanda ya ɗauki hotonsa.

Kafin 1888, duk mai son ɗaukar hoto sai ya iya haɗa sinadarai, ya kuma yi dakon faifan gilashi da akwati mai nauyi. A wannan shekara George Eastman, mutumin birnin Rochester a jihar New York, ya fito da Kodak, ɗan akwati da aka riga aka ɗura masa fim na hoto 100, a kan dala 25. In fim ya ƙare sai a mayar da kyamarar ɗungurungum kamfani, a wanke hotunan, a ɗura sabon fim a aiko wa mai ita. A 1900 aka fito da Brownie, kuɗinta dala 1, har yara suka samu. Sai mota ta zo ta haɗu da kyamara: Ford ya fara sayar da Model T a 1908, a 1926 kuma aka sanya wa babbar hanyar da ta tashi daga Chicago zuwa Los Angeles lamba 66, tafiyar kusan kilomita 4,000. Daga Jamus aka samu kyamarar Leica a 1925, mai shiga aljihun kwat. Fim mai launi na Kodachrome ya biyo baya a 1935.

Ko da yake al'adar ta 'yan sha'awa ce, ƙwararru ne suka koya musu inda za su duba. Walker Evans, wanda ya yi wa gwamnati aikin hoto a shekarun 1930 lokacin matsin tattalin arziki, yakan tsaya daidai gaban ɗan cocin katako ko shagon ƙauye ya ɗauke shi kai tsaye, ba ƙawa ba ado. Robert Frank, haifaffen Suwizalan, ya zaga ƙasar da mota a 1955 da 1956, ya ɗauki hotuna fiye da 27,000, ya tace 83 kacal ya sa a littafinsa The Americans, wanda ya fito a Faransa a 1958, a Amurka kuma a 1959. Hoton bangon bugun Amurka taragon haya ne a New Orleans. Tagogi jere, kowace da fuska: farare a kujerun gaba, ciki har da yara biyu, baƙaƙen fata a baya, wani namiji cikinsu ya jingina da taga ya zuba wa mai hoton ido. Babu rubutun da ya fi wannan bayyana wariyar launin fata ta wancan zamani.

Wannan hoto yana tuna wani abu da ake yawan tsallakewa in ana yabon al'adar. Hanyar ba kowa ta buɗe wa ba. Baƙar fata mai mota sai ya riƙe littafin jagora da Victor Hugo Green ya fara bugawa a 1936, wanda ke nuna masaukai da gidajen abincin da ba za a kore shi ba. Shi kansa Frank 'yan sanda sun tsare shi a wani ƙaramin gari na jihar Arkansas a 1955, don baƙo ne mai ɗauke da kyamarori. Saboda haka tarin hotunan hanya na wancan lokaci ya fi nuna Amurka ta idon wanda ke da kuɗin mai da 'yancin tsayawa inda ya ga dama.

In ana neman cikakken misalin ɗan sha'awa, da wuya a wuce Charles Cushman, mutumin jihar Indiana. Bai taɓa cin abinci da hoto ba. Daga 1938 zuwa 1969 ya ɗauki hotuna masu launi kimanin 14,500 da fim ɗin Kodachrome, ya fara da hoton jar motarsa Ford a kusa da gadar Golden Gate. Ya ɗauki kasuwar titin Maxwell a Chicago, da unguwannin talakawa na New York a farkon shekarun 1940, da gonaki, da tsofaffin gidajen da aka sa ranar rushe su. Hotunansa ba duka ne masu kyau ba, wasu ma kowa zai iya ɗauka. Abin da ya fifita shi ɗabi'a ce guda: yana da littattafan rubutu, kowane hoto sai ya rubuta ranarsa, da wurin, da yadda ya saita kyamara. Ya bar wa Jami'ar Indiana tarin, daga baya aka ɗora shi a intanet. Yau masanin tarihi na iya cewa ga yadda kusurwar titi kaza take a wata kaza na shekara kaza, har da launin fentin ƙofa, a zamanin da yawancin hotuna baƙi da fari ne. Da babu rubutun nan, da rabin amfanin aikin ya tafi.

Hoton gine-gine ya samu sabon dalili bayan 1956, lokacin da gwamnati ta fara shimfiɗa manyan tagwayen hanyoyi masu kewaye garuruwa. Ciniki ya ƙaurace wa tsofaffin hanyoyi, masaukai da gidajen abinci suka fara mutuwa, har aka soke lambar 66 a 1985. Ed Ruscha ya buga ɗan littafi a 1963 wanda ba komai cikinsa sai hotunan gidajen mai 26 tsakanin Los Angeles da Oklahoma City. John Margolies kuwa ya shafe kusan shekara 40 yana bin bakin hanya, yana ɗaukar alamomin talla masu fitila, da gidajen silima, da shagunan da aka gina da siffar kare ko butar shayi don jan hankalin direba. Yakan fita da sassafe, sama garau, kafin motoci da mutane su cika wurin. Hotunansa fiye da 11,000 suna Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Dabarar wannan fanni ba ta da yawa, amma tana son haƙuri: in an ɗaga kyamara sama bango sai ya yi kamar zai kife baya, don haka gara a ja da baya a riƙe ta daidai, hasken safe ko na la'asar, mai zuwa ta gefe, shi ke fito da zane da tsagar bango, na tsakar rana kuwa shafe su yake yi.

Hoton kiɗa ya fi sauran wuya, don wurin duhu ne, mawaƙi kuma ba ya tsayawa. William Gottlieb marubucin shafin kiɗan jaz ne a jaridar Washington Post. Da jaridar ta ƙi biyan mai hoto ya raka shi, sai ya sayi kyamara ya koya wa kansa. Ƙwan fitilar hoto na lokacin sau ɗaya yake ci, ga tsada, don haka hotuna kaɗan kawai yake ɗauka a dare guda. Wannan takura ce ta koya masa jira. Hotonsa na mawaƙiya Billie Holiday a 1947 ya kama ta kai a ɗage, ido a rufe, baki a buɗe, jijiyar wuya ta miƙe. Mai kallo kamar ya ji muryar. Irin wannan sai wanda ya san waƙar, ya san inda za ta kai ƙololuwa, ya ɗora yatsa yana jira. Henry Diltz shi ma makaɗi ne da ya sayi tsohuwar kyamara a kan hanyar yawon wasa a 1966, bayan shekara uku ya zama mai hoton bikin kiɗa na Woodstock. A manyan wasanni na yau doka ta tsananta: galibi waƙoƙi uku na farko ake bari a ɗauka, ba fitila, kuma sai mai takardar izini. Ɗan sha'awa ya fi samun sarari a ƙananan wurare, inda ake gwada sabbin makaɗa, kuma nan ne babu wani mai ajiye tarihi sai shi.

Zuwan kyamarar dijital ya kawar da tsadar fim. Injiniyan Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa ta farko a 1975, kamfanin kuma ya durƙushe a 2012. Sauƙin ya zo da nasa aibi. Mutum na iya ɗaukar hoto dubu a dare ɗaya bai zauna ya tace ko goma ba. Kwaikwayo ya yi yawa, kowa na neman tsohuwar alamar masauki mai tsatsa irin wadda ya gani a Instagram, alhali sabon shagon da ke kusa da ita, wanda shi ne shaidar zamaninmu, ba mai kula shi. Akwai kuma rashin ladabin mayar da talaucin wani abin ƙawa, ko cusa wa mutum kyamara a fuska ba sallama. Waɗannan suna rage darajar aikin ƙwarai.

Wayar hannu ta kai wannan al'ada ko'ina, har ƙasar Hausa, inda abin ɗauka yake da yawa kuma yana saurin ɓacewa: zayyanar ƙofar gida da zankwaye a birnin Zariya da unguwar Birni ta Damagaram, rubuce-rubucen jikin manyan motoci a tasha, makaɗan kalangu a wurin biki. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013, amma zauren unguwa da bulo da kwano ke maye gurbinsa ba ya cikin jerin kowa. Wanda zai ɗauki irin waɗannan ya nemi izinin masu gida, ya rubuta sunan wuri da kwanan wata, ya kuma ajiye kwafi a wani wurin da ba wayar ba.