Kalangu a Amurka: an ɗauki bugun, an bar maganar

Yaron shagona ne ya jawo wannan rubutu. Wata Talata da kasuwa ta yi sanyi, ya kunna wani kiɗa a wayarsa. Sai na ji kamar gangar Yarabawan da ke wucewa ta bakin layinmu ranar biki, amma ga busa irin ta Turawa a kai. Na ce, "Kai, wannan fa daga ina?" Ya ce tsohon faifai ne daga Amurka. Na karɓi wayar na saurara har ƙarshe, da dare ma na maimaita.

Ba fatawa na zo bayarwa ba, jama'a. Maganar hukuncin kiɗa tana da majalisinta. Yau abin da kunnena ya ji kawai zan faɗa.

Sunan faifan The African Beat, an ɗauke shi a 1962, kamfanin Blue Note ya fitar. Jagoransa Art Blakey, baƙar fatar Amurka, gwanin ganguna a kiɗan jaz. Ya tara makaɗa da yawa, cikinsu har da Solomon Ilori, Bayarabe ɗan Najeriya mai buga ganga mai magana, wadda mu kalangu za mu ce da ita. Yusef Lateef shi ne mai busa. Kafin su, Guy Warren na Ghana ya gwada irin wannan haɗi a 1956, Babatunde Olatunji kuma ya yi suna da Drums of Passion.

Abin yabo a faifan, Blakey ya san girman baƙinsa. Mutum ne mai ƙarfin hannu, da ya so da ya danne kowa, amma ya ja baya ya bar gangunan suna kira suna amsawa. Lateef ma bai cika wurin da busa ba, yana shiga yana fita kamar mai sallama a zauren manya. Wannan ladabi ne, kuma shi ya sa haɗin bai zama hayaniya ba.

To amma ga inda na tsaya. Kalangu ba ƙidayar taku kaɗai yake yi ba, magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata yana saki, murya ta hau ta sauka kamar harshen mutum. Duk wanda ya tashi kusa da mahauta ko filin dambe ya san ana kaɗa taken mutum ya miƙe tun ba a ambaci sunansa ba. Maƙwabtanmu Yarabawa ma haka suke da gangarsu. A wannan faifai kuwa, gangar tana magana ne a gaban waɗanda ba su jin yarenta. Mai sauraro a Amurka daɗi yake ji, bai san an ce wani abu ba. An ɗauki bugun, an bar saƙon a gida.

Da na faɗi haka, yaron ya nuna mini rawar da suke kira taf, wadda ake yi da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, ana buga katako da dunduniya da kan yatsu. Nan jikina ya yi sanyi. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, mahukuntan Karolina ta Kudu sun yi doka a 1740 ta hana bayi riƙe ganga, don sun gane ana kiran juna da ita. Da aka raba su da fata da gula, sai suka koma tafi da bugun ƙirji da ƙafa. Daga baya abin ya gauraya da rawar mutanen Ailan, taf ta fito. Savion Glover ya ba da wannan tarihi da ƙafafunsa a wasan da ya kai dandalin Broadway a 1996, makaɗansa suna buga bokiti da tukwane.

Ka ga ashe ba sakaci ne ya raba su da maganar ganga ba, ƙwace aka yi. Abin da ya tsira shi suka riƙe, suka gina sana'a a kai. Lateef ma bai tsaya nan ba: daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana bincike kan kiɗe-kiɗenmu, musamman sarewar Fulani.

Mu fa, wa ya ƙwace mana? A unguwar nan tsofaffin da suka san taken kowane gida da kirarin waɗanda suka fara zama sun kusa ƙarewa, 'ya'yanmu kuma wasunsu Hausar ma da ƙyar. Waɗannan take tarihinmu ne: wa ya zo daga Kano da goro, wa ya zo daga Sakkwato da shanu. Na ce wa yaron, tunda wayarsa na ɗaukar murya, ranar Lahadi ya bar mini shagon, ya je wurin tsohon makaɗin mahauta ya zauna, ya tambaye shi abin da kowane take ke cewa. Allah Ya sa mu dace.